Daga Mudu Zuwa Sikeli: Tarihin Lambar Da Ake Auna Ƙiba Da Rama

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci asibiti a Boɗinga ko Shagari, ko ya bi titin nan da ya taso daga Jega ya shiga Sakkwato don ganin likitan hawan jini, ya san yadda ake farawa. Kafin a shiga wurin likita sai an tuɓe takalmi an hau sikeli, sannan a tsaya jikin bango a gwada tsayi. Ma'aikaciyar jinya ta ɗan danna wayarta, ko ta duba wani jadawali, ta rubuta haruffa uku da lamba a kan kati: BMI 31, ko BMI 17. Akasarinmu ba mu tambaya. Wanda ya tambaya kuwa yakan ji amsa a gurguje, cewa ya yi ƙiba ya rage ci, ko ya rame ya ƙara. Sai a dawo gida da sabuwar damuwa bisa wadda aka tafi da ita. Wannan lamba tana da tarihin da ya doshi shekara ɗari biyu, kuma wanda ya san daga inda ta fito zai fi sanin inda ya kamata ya gaskata ta da inda ya kamata ya ƙara bincike.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsayinsa da mita bayan an ninka tsayin da kansa. Matar da ke da tsayin mita 1.60, in an ninka shi da kansa ya zama 2.56. Idan nauyinta kilo 60 ne, lambarta 23.4 ke nan. Idan kilo 45 ne, 17.6. Idan kilo 80 ne, 31.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligin da lambarsa ta gaza 18.5 ya rame, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba mai haɗari. Ga mai wancan tsayi, abin da ake kira daidai ya kama daga kimanin kilo 47 zuwa kilo 64.

Kakanninmu ba su san wannan lissafi ba, amma ba su jahilci lafiyar jiki ba. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga, ɗan jifa kaɗan. Cikin rubuce-rubucen Malam Abdullahi akwai Masalihul Insan, littafin da ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya wallafa risaloli kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Abin da malaman wancan zamani suka gada kan abinci shi ne tsakaitawa, irin koyarwar nan da kowane ɗan makarantar zaure ya sani ta kasa ciki uku: abinci, ruwa, da wurin numfashi. Abin da ake aunawa shi ne ci, ba mai ci ba. Mudu da tiya na hatsi ne, sa'i na zakkar fid-da-kai ne, kamu da gaba na sawaye da igiya ne. Ko da sikeli ya yawaita a zamanin Turawa, na kanti ne, na auna auduga da gyaɗa da fatun jajayen awakin nan da Sakkwato ta yi suna da su. Ba wanda ya yi tunanin ɗora uwar gida a kai.

Mutum kuwa da ido da hannu ake auna shi. Jiki magayi. Uwa takan gane ɗiyarta ba ta jin daɗin gidan miji tun daga yadda awarwaro ke zamewa a hannunta. Magidanci yakan gane ya faɗa in ya ga zariyar wandonsa ta ƙara tsawo. Kuma harshenmu ya riga ya yanke hukunci tun da daɗewa: in an ce wane ya yi ƙiba, yabo ne, in an ce ya rame, jaje ne. Wannan ba wauta ba ce. Mutanen da suka ga yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba a wasu sassan ƙasar Hausa, da jikokinsu da suka ga farin 1973 zuwa 1974 ya ƙarar da shanu ya bar rumbuna wayam, suna da hujjar ɗaukar tsoka a jiki tamkar ajiya. Mai jiki shi ke kai wa kaka. A tuna da wannan, domin lambar da muke magana a kanta an haife ta ne a wurin da tsoron ya juya baya.

Wanda ya fara gano lissafin ba likita ba ne. Sunansa Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam, an haife shi a 1796, ya rasu a 1874. Masanin taurari ne da lissafi, kuma shi ya kafa ɗakin nazarin taurari na birnin Brussels. Masu nazarin taurari suna da wata dabara: in sun auna matsayin tauraro sau da yawa awon ya saɓa, sai su ɗauki matsakaicin duka su ce shi ne ya fi kusa da gaskiya. Quetelet ya ɗauko wannan dabara ya ɗora ta kan 'yan Adam. Ya tattara awon jarirai da yara da manya, yana neman siffar abin da ya kira matsakaicin mutum. A 1832 ya lura cewa nauyin baligai yana tafiya ne daidai da tsayinsu in an ninka shi da kansa, kuma ya faɗaɗa bayanin a babban littafinsa na 1835, shekara biyu kafin rasuwar Muhammadu Bello a Wurno. Mutanen da ya auna Turawan yammacin Turai ne. Ƙiba ba ta dame shi ba, cuta ba ta dame shi ba, kuma bai taɓa cewa a kama mutum guda a yi masa hukunci da wannan lissafi ba. Jama'a yake ƙidayawa, kamar yadda mai gona zai ce dammansa sun kai kaza alhali ya san ba dami biyu da suke daidai.

Lissafin ya yi kwance fiye da shekara ɗari. Waɗanda suka tayar da maganar nauyi 'yan kasuwa ne, wato kamfanonin inshorar rai na Amurka. Su abin da ya dame su shi ne wa zai mutu da wuri ya jawo musu asara. Da suka duba takardun abokan cinikinsu sai suka ga masu nauyi sosai sun fi saurin mutuwa. Kamfanin Metropolitan Life ya fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsayi a farkon shekarun 1940, ya sabunta shi a 1959 da 1983, likitoci kuma suka riƙa aiki da shi. To amma su wa ke sayen inshorar rai a Amurka a wancan lokaci? Galibi farar fata ne masu abin hannu. Da jikinsu aka yanka rigar da daga baya aka so kowa ya saka.

Sunan da muke gani a kati ya zo ne a 1972, daga wani masanin abinci da aikin jiki na Jami'ar Minnesota mai suna Ancel Keys. Shi da abokan aikinsa sun gwada hanyoyi daban-daban na haɗa nauyi da tsayi a kan maza 7,424 daga ƙasashe biyar: Amurka, Finland, Italiya, Japan da Afirka ta Kudu. Sun kwatanta kowace hanya da ainihin kitsen jiki, wanda suka auna ta matse fata da wani ƙarfe, wasu kuma ta nutsar da su cikin ruwa. Tsohon lissafin Quetelet ne ya fi sauran dacewa, sai Keys ya raɗa masa sunan da ake taƙaitawa BMI, ma'ana ma'aunin nauyin jiki. Abubuwa biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda aka auna. Kuma Keys da kansa bai ce ma'aunin cikakke ne ba. Abin da ya nuna shi ne ya fi takwarorinsa, kuma yana da sauƙi ga mai nazarin jama'a masu yawa. Sauƙin nan ne ya yaɗa shi duniya. Sikeli da bango kawai yake bukata, ba na'ura, ba wutar lantarki, abin da kowane ƙaramin asibitin karkara zai iya.

Iyakokin nan na 25 da 30 kwamitocin masana ne suka zauna suka ja su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da su a rahotonta na 1995 da taronta na 1997 a Geneva. Suna da dalili, domin haɗarin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya yana ƙaruwa yayin da lambar ke hawa. Sai dai haɗarin a hankali yake hawa kamar tudu, ba katanga ba ce da za a ce mai 24.9 ya tsira, mai 25.1 ya halaka. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakarsu daga kusan 28 ga maza da 27 da ɗoriya ga mata zuwa 25. Miliyoyin mutane suka kwana lafiya lau suka wayi gari cikin jerin masu nauyin da ya wuce kima, ba tare da sun ƙara ko loma ɗaya ba.

Iyakar ƙasa, wato 18.5, ita ce ba a cika ba da labarinta ba, alhali ita ta fi kusa da gidajenmu. A 1988 masana uku, James da Ferro-Luzzi da Waterlow, suka ba da shawarar a yi amfani da wannan lissafi wajen gano manya da suka daɗe ba su samun isasshen abinci a ƙasashe matalauta. Suka sa matakai uku: ƙasa da 18.5, ƙasa da 17, da ƙasa da 16, wanda shi ne rama mai tsanani. Mutumin da ya faɗa waɗannan matakai yakan kasa aikin ƙarfi, ya yawaita ciwo, matar da ta ɗauki ciki a wannan hali kuma ta fi haɗarin haihuwar jariri marar nauyi. A ganina, shafukan intanet da ke fassara mana shawarwarin rage ƙiba na Turai dare da rana sun yi wa mutanen karkararmu rashin adalci da suka manta da wannan rabin sikelin.

A fannin awon yara kuwa Najeriya ta koya wa duniya darasi. A ƙarshen shekarun 1950 wani likita Bature, David Morley, ya yi aiki a Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yanzu, inda ya tsara katin nan mai lanƙwasasshen layi da ake ɗiga nauyin yaro a kai wata bayan wata. Hikimarsa ita ce uwa ke riƙe katin, kuma abin dubawa shi ne ko layin yaron yana hawa, ba lambar rana ɗaya ba. Katin rigakafin da ke cikin jakar kowace mai goyo a yau jikan wancan ne. Sai kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, inda masu agaji suka tarar da dubban yara mayunwata, ba sikeli, ba wanda ya san shekarun haihuwarsu. Suka koma auna kaurin damtse suna kwatanta shi da tsayi a jikin sanda. A 1974 Morley da wani likita ɗan Iraƙi, Adnan Shakir, suka fito da zirin awo mai launi uku. Shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke ɗaura wa yaranmu a damtsen hagu: ga ɗan wata 6 zuwa wata 59, ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani; ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, kore kuma daga 12.5 zuwa sama. A yankin Mirya ta ƙasar Damagaram an gwada koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, aka tarar ba su gaza ma'aikata ba. Saboda haka kada kowa ya ɗauki iyakokin manya ya ɗora wa yaro. Yara suna da nasu jadawalin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 bayan ta bi girman yara masu shan nono a ƙasashe shida, cikinsu har da Gana.

Yau muna tsaye ne a tsakanin tsoro biyu. Babban binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari suna ƙasa da 18.5, kashi 28 kuma sun kai 25 ko sun wuce. Binciken ya kuma nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ba sai an je nesa ba, a gida ɗaya ana iya samun duka biyun: maigida mai shago a bakin titi, yana wuni zaune da shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba, tumbi ya fito; amarya mai shayarwa, haihuwa uku cikin shekara biyar, ƙasusuwan wuyanta a waje; ga kuma yaye da damtsensa ya shiga ruwan ɗorawa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun kwatanta Fulanin da ke zaune cikin birnin Sakkwato da 'yan uwansu na ƙauye, suka tarar ciwon suga ya ninka sau da yawa a birni. Jini ɗaya ne, zama da cima ne suka bambanta. Garuruwa irin Boɗinga, da ke ƙofar birni, wannan canji yana iso musu da wuri.

Akwai wani abu da tsohon yabon ƙiba ya haifar da ba zan wuce shi ba. 'Yan mata da amare da yawa suna shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su ciko kafin biki. Galibinsu a jikin kwalin za a ga an rubuta dexamethasone ko cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. In aka daɗe ana shan sa, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Sikeli zai nuna ƙari, lambar kati za ta tashi daga 17 ta shiga cikin daidai, alhali yarinyar ta fi da rashin lafiya. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti ta faɗi gaskiya a rage mata shi a hankali.

Wannan misali ya nuna babban raunin lissafin: sikeli bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Bai bambanta tsoka da kitse da ruwa. Ɗan kokawa mai murɗaɗɗen jiki yana iya kai wa 28 ba tare da kitsen a-zo-a-gani ba. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da ƙafafunsa suka kumbura nauyinsa zai ƙaru, ruwa ne. Yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu zai yi nauyi a sikeli alhali yana bakin mutuwa. Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da wannan jadawali, ana bin ƙarin nauyinta ne a wurin awo. Tsohon da bayansa ya ranƙwafa tsayinsa ya ragu, sai lambarsa ta hau ba dalili. Kuma jinsunan mutane ba ɗaya suke ba. A 2004 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince cewa mutanen Asiya da yawa suna kamuwa da ciwon suga tun lambarsu ba ta kai 25 ba. A 2022 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta ce ga 'yan asalin Asiya da Gabas ta Tsakiya da baƙar fatar Afirka, a fara lura daga 23, a ɗauki 27.5 a matsayin ƙiba. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fito fili ta ce kada a dogara da wannan lamba ita kaɗai wajen duba majinyaci. An yi doguwar tafiya an dawo inda Quetelet ya tsaya.

Abin da masana suka ƙara a kan sikeli yanzu abu ne da kakanninmu masu awo da igiya za su gane nan take. Kitsen da ya fi cutarwa shi ne wanda ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji. A samu igiya a yanka ta daidai tsayin mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. In bakunan sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, kewayen cikin ya wuce rabin tsayi, lokaci ya yi da za a gwada suga da hawan jini ko da lambar kati ta ce 23. Wannan gwaji na baligai ne, ban da masu juna biyu.

Darasin katin Morley ma ya shafi manya. Lambar rana ɗaya hoto ce, jerin lambobi ne ke ba da labari. Mutumin da tun yana saurayi siriri ne, ubansa siriri, yana noma yana kiwo yana cin tuwonsa da daɗi, lambarsa ta 18 ba lallai ta zama abin tashin hankali ba. Wanda ya kamata a yi hanzari da shi shi ne mai kilo 70 da ya koma 63 cikin wata shida ba da nufinsa ba, ko da jadawali ya ce yana cikin daidai. Rama irin wannan in ta haɗu da tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, a nemi gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe. In ta haɗu da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada suga. In ta haɗu da gudawa mai daɗewa, ko wahalar haɗiya, ko jini a bayan gida, kada a tsaya shan sassaƙe.

Ga manoma akwai kuma lissafin yanayi. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya an daɗe ana auna mutane shekara bayan shekara, aka ga manya suna zubar da nauyi kowace damina, lokacin da aikin gona ya tsananta, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, sannan su mayar bayan girbi. Mai noman gero a ƙasar Shagari bai bukatar a gaya masa wannan, ya san watan Agusta a jikinsa. Don haka mai son bin nauyinsa ya riƙa hawa sikeli ɗaya, da safe, da tufafi marasa nauyi, ya rubuta kwanan wata a gefen lambar, ya tafi da takardar duk ranar da zai ga likita.